Abin da El Anatsui Ya Tsinta a Kan Juji

A wajejen ƙarshen shekarun 1990, a gefen garin Nsukka da ke ƙasar Ibo, wani malamin jami'a yana cikin yawo irin na masu sana'arsa, waɗanda idonsu ba ya rabuwa da ƙasa, sai ya ci karo da wani buhu da aka yar, cike da marafan kwalabe na dalma, irin waɗanda akan murɗe a wurgar da zarar an buɗe kwalba, ba mai ƙara waiwayarsu. Ya ɗauki buhun nan ya kai ɗakin aikinsa, ya yi watanni a ajiye, har ranar da basira ta zo masa: ya tsaga murfi guda ya miƙar da shi, ya huda gefensa, ya ɗaure shi da ɗan'uwansa da 'yar wayar jan ƙarfe, ya ƙara wani, ya ƙara wani, sai ga ƙarfe ya yi laushi a hannunsa yana lanƙwasa, yana naɗewa kamar zane. Daga wannan buhu ne aka sami ayyukan da a yau manyan gidajen tarihi na duniya suke rububin mallaka, kuma a kan wannan mutum nake so in yi magana, domin a ganina labarinsa hujja ce a kanmu, mu da muka gaji irin wannan ilimi daga kakanninmu sa'an nan muka laƙaba masa sunan talauci.

Sunansa El Anatsui, kuma kada farkon sunan ya ruɗi mai karatu, ba Balarabe ba ne. Mutumin Gana ne, daga ƙabilar Ewe, an haife shi a 1944 a garin Anyako da ke bakin wani tafki kusa da teku, mahaifinsa kuwa masunci ne kuma masaƙin kente, wato wannan saƙa mai launi-launi da ake yi sirara a ɗinke su gefe da gefe. Ya yi karatun fasaha a Kumasi, ya koyar a Winneba, sa'an nan a 1975 ya ƙetaro Nijeriya ya kama aikin koyarwa a jami'ar Nsukka, inda ya zauna shekara talatin da 'yan kai yana karantar da sassaƙa. Akwai ma wata igiya da ta ɗaure wannan labari da Arewa, domin shugaban sashen da ya tarar a can, Uche Okeke, a Zariya ya yi karatu, kuma yana cikin samarin da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958, waɗanda suka ƙi yarda a ce ba a zama gwani sai an kwaikwayi Bature, suka dage a kan cewa kowa ya koma ya tona abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. A cikin wannan makaranta ta tunani Anatsui ya sami wurin zama.

Tun kafin buhun marafai ma, hannunsa bai taɓa sha'awar sabon abu ba. A Gana ya fara da farantan katako da mata ke kasa kaya a kansu a kasuwa, yana yi musu zane da ƙarfe mai zafi. A Nsukka ya yi shekaru yana aiki da yumɓu a kan siffar fasasshiyar tukunya, saboda ya lura cewa a wurin mutanensa tukunya in ta fashe aikinta bai ƙare ba, tsingaronta yakan shiga wata hidima, maginan tukwane kuma sukan daka shi su cuɗa da sabon yumɓu don ya ƙara masa ƙwari. Daga baya ya koma ga tsofaffin turame da gumagumai yana yanka su da zarton inji, ya tara tsofaffin magogan rogo da suka yi tsatsa ya tayar da bango da su, ya kuma ɗinke marafan gwangwanin madarar Peak ya yi tuddai masu ƙyalli. Duk wanda ya bi wannan jeri zai ga cewa abu guda mutumin yake nema, wato kayan da hannun mutane ya taɓa har ya gaji, domin a wurinsa abin da aka yi amfani da shi yana ɗauke da wani abu na waɗanda suka yi amfani da shi, alhali sabo fil daga kanti bai san kowa ba.

Wanda ya hango ɗaya daga cikin ayyukan nan na marafai daga nesa, rataye a bango tun daga rufi har ƙasa, zai ɗauka alkyabbar wani babban sarki ce aka shanya, ga ruwan zinariya, ga ja, ga baƙi, ga azurfa, tana tattarewa nan tana sakewa can, haske yana gudu a kanta kamar yadda yake gudu a kan turkuɗin Kura in ya fito daga hannun mabuga. Amma in ya matso har numfashinsa ya kai gare ta, sai sarautar ta watse, ya ga 'yan guntayen dalma dubbai a kan dubbai, kowanne da lanƙwasarsa da hujinsa da sunan kamfanin da aka buga a kansa, kowanne an ɗaure shi da maƙwabcinsa da hannu. Tsakanin waɗannan kallo biyu, na nesa da na kusa, a nan hikimar take, domin mai kallo ba ya iya musun kyan da ya gani da farko, ba ya kuma iya mance sharar da ya gani daga baya, tilas ya riƙe su duka biyu a zuciyarsa ya tambayi kansa wane ne ya yanke hukuncin cewa wannan abu banza ne. Wani abin da ya ƙara burge ni shi ne, ba ya gindaya wa masu rataya aikin sharaɗi. Yakan naɗe shi a akwati ya aika, ya bar su su lanƙwasa shi yadda wurinsu ya ba su, saboda haka aiki guda ba ya fitowa da fuska ɗaya sau biyu.

Duniya kuwa ta karɓa. Gidan tarihin Biritaniya da ke Landan ya mallaki biyu daga cikin na farko, waɗanda ya sa wa suna tufar namiji da tufar mace. A 2007, a babban bikin fasaha na birnin Benis a Italiya, ya lulluɓe fuskar wani tsohon gidan sarauta da mayafin marafai, a 2015 kuma masu wannan biki suka ba shi lambar Zakin Zinariya ta aikin tsawon rayuwa. A 2019 aka tara ayyukansa a Munik ta Jamus, daga can aka kai su Doha ta Ƙatar. A 2023 aka ba shi babban zauren Tate Modern a bakin kogin Landan, wanda shi kansa tsohuwar tashar wutar lantarki ce da aka rufe ta zauna kufai kafin a mai da ita gidan fasaha, ya cika shi da ayyuka uku masu tsawon gaske.

To, na san akwai tambayar da ke cin ran mai karatu Musulmi, kuma ba zan kewaye ta ba: marafan nan galibinsu na kwalaben giya ne. Kamfanonin da ke dafa barasa sukan karɓi tsofaffin kwalabe su wanke su sake cikawa, su zubar da marafan, daga nan yake samun kayan aikinsa. Shin ya dace a yaba abin da aka ƙera daga kayan uwar laifuffuka? Fatawa fagen malamai ce, amma ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta babin tsarki ya san cewa shari'a ba ta ɗauki asalin abu a matsayin hukuncinsa na har abada ba. Fuƙaha'u sun yi ittifaƙi cewa giya in ta juye da kanta ta zama khalli, wato ruwan tsami, ta tsarkaka, wannan shi ne abin da suke kira istihala. Ƙarfen da najasa ta taɓa kuma ruwa yana tsarkake shi. Ya kuma inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wata tunkiya da ta mutu mushe, wadda aka bai wa wata 'yantacciyar baiwar Nana Maimuna sadaka, ya nuna wa mutanen gidan cewa da sun ɗauki fatarta sun jeme sun amfana, domin cinta ne aka haramta. Ban san wani darasi da ya fi wannan bayyana ba a kan cewa mumini ba ya yar da abu gaba ɗaya saboda wani sashe nasa ya ɓaci, bal yakan tsaya ya rarrabe.

Sa'an nan shi Anatsui bai ɓoye abin da marafan suke tunatarwa ba, hasali ma saboda shi ya riƙe su. Barasa tana cikin manyan hajojin da jiragen Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma suna musanya da bayi. Bayin nan aka kai su tsibiran Amurka suka noma rake, daga raken aka dafa wata barasar, aka sake lodo ta zuwa gaɓar da aka kwashe su don a sayi wasu. Bayan an hana cinikin bayi ma kwalbar ba ta tsaya ba, ta koma sayen manja, har ta zama kamar kuɗi a wasu kasuwannin kudu, harajinta kuma ya zama babban ginshiƙin baitulmalin gwamnatin mulkin mallaka ta kudancin Nijeriya, yayin da aka sa Arewa cikin yankin da aka hana shigar da ita bisa yarjejeniyar Burasal ta 1890. Saboda haka mayafin da ya rataya a Benis ko Landan, a ƙofar jikokin masu jiragen, tarihin wata musiba ne aka ɗinke aka mayar musu, kuma wanda ya ƙi giya don addininsa ya fi kowa cancantar ya fahimci wannan saƙo.

Akwai tuhuma ta biyu, ita kuwa ta fi ta farko nauyi a wurina. Masu ita suna cewa: an sayar da wasu ayyukansa a kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka a kan fiye da dala miliyan guda, alhali samarin Nsukka ne, su da yawa, suke zaune wuni suna yanka da huji da ɗauri, sunan mutum ɗaya kuma ake kira; bayan haka mafi yawan ayyukan sun ƙetare teku, ɗan Nijeriya ba ya ganinsu sai a hoto. Game da yawan hannaye, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Babbar riga mai aska takwas, wani ne yake zana ta, wasu su yi watanni suna bin zanen da allura. Masallacin Juma'a na Zariya da aka gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, hannaye nawa ne suka kwaɓa ƙasarsa suka ɗauki azararsa, amma har gobe Babban Gwani Muhammadu Durugu ake ambata, domin a ƙirjinsa ginin ya tsaya kafin ya tsaya a ƙasa. Abin da ya wajaba shi ne a biya ma'aikaci haƙƙinsa cikakke a kan kari, wannan kuwa wajibi ne a kan kowane mai gida. Game da ƙetare teku kuwa, tuhumar gaskiya ce, sai dai ba a wuyan mai fasaha take ba. Mutumin nan ya shekara fiye da ashirin a cikinmu yana aiki kafin Turai ta san shi sosai, ƙofarsa a buɗe, kayansa da araha. Masu dukiyarmu, ban da 'yan ƙalilan, suna ta sayen fitilun ƙarau daga ƙasashen waje suna ratayawa a zaurukansu, ba su ga komai a Nsukka ba sai da Bature ya nuna musu da yatsa.

Wannan makanta ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin ba gadonmu ba ce. A tuna da marinar Kano. In baba ya gama aikinsa a cikin karofi, akwai wani laka da yake kwantawa a ƙasa, ana kiransa katsi, wanda a ido ba shi da wani amfani. Amma magabata suka kwashe shi suka busar, suka ƙona, suka haɗa da gashin dabba da ruwan dafara, sai ga laso, wanda ake shafe soraye da shi ruwa bai ratsa su ba, ake kuma shafe ramin marinar kanta. Ɓawon ɗorawa da aka cinye garinsa ya zama makuba ta yaɓen bango da daɓe. Tokar murhu da kashin awaki da sharar tsakar gida, jakai ne suke fita da su cikin mangala daga birni zuwa gonakin karkara, su komo da itace da hatsi, da haka ƙasar da ke kewaye da Kano ta ɗauki noma shekara da shekaru ba hutu ba ta mutu ba. Ƙwarya in ta tsage a ɗinke ta, in ta fashe sakainarta ta yi kwasar wani abu. Ko a fagen zuhudu, tufa mai faci ta kasance alamar sufaye, kuma mabiya Mahadi a Sudan, ƙasar da dubban mutanenmu suka yi hijira zuwa gare ta, sun ɗauki jibba mai faci ta zama tufarsu, har daga baya facin ya koma ado da ake yankawa da gangan a jera shi da launi. A cikin Risala, littafin da kowane almajirin fiƙihu ya bi ta kansa, tsintuwa tana da hukuncinta, domin shari'a ba ta yarda dukiya ta tozarta a kan hanya ba.

Da kayan Bature suka shigo, wannan basira ba ta ja da baya ba, sai ma ta sami sabon fage. Gwangwanin madara da na tumatir suka zama fitilar aci-bal-bal da mazurari da ma'aunin mai; tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga da maɗaurin kaya; gwangwanayen lemo da tarkacen injin mota aka narke su aka zuba a ƙasa suka fito tukwanen dalma da ludaya; durom ya zama murhu da akwati da kaskon suya. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ji ƙarar guduma tun safe har magariba, ya san cewa abin da nake faɗa yana nan da ransa. Yaranmu ma da suke ƙera mota da karan dawa da waya da murfin kwalba, ba wanda ya koya musu a aji.

Ba zan yi wa mai karatu zulaƙe in ce maƙerin gwangwani da El Anatsui abu ɗaya suke yi ba. Maƙeri yana neman abin da zai yi aiki a sayar da shi kafin la'asar, shi kuwa wancan yana neman abin da zai tsayar da mutum ya yi tadabburi, kuma shi da kansa ya sha nuna cewa ba ya son a kira aikinsa kwashe shara, domin duk marafan da ya ɗinke a rayuwarsa ba su rage komai daga jujin Nijeriya ba. Amma tushensu ɗaya ne, wato ido wanda yake duban abu ya ga abin da zai iya zama, ba ya tsayawa a kan abin da aka ce shi ne. Kuma wanda ya taɓa riƙe tsohuwar aci-bal-bal ya juya ta a hannunsa, ya ga yadda maƙerin ya daidaita rubutun gwangwanin ya zauna a tsakiya, ya murɗa mariƙin ya yi masa 'yar lanƙwasa da aiki bai buƙace ta ba, ya san cewa shi ma kyau yake nema gwargwadon abin da kasuwa ta bar masa.

Abin da ya same mu shi ne mun koyi jin kunyar gyara. Leda da roba sun cika gari, kaya masu araha da ba a yi su don su daɗe ba sun koya mana saye da yarwa, har israfi, wanda Alƙur'ani ya yi hani da shi a fili, ya zama alamar wadata, wanda ya ɗinke takalminsa kuwa a ce ya tsiyace. Mutanen da suka rage suna sunkuyawa a kan juji, wato 'yan bola jari da 'yan gwangwan, mun mai da su abin ƙyama da zargi. Gaskiya ne a cikinsu akwai ɓarayin da ke cire marafan magudanun ruwa da wayoyin lantarki, kuma irin wannan ɓarna ce ta sa hukumomin Abuja suka hana sana'ar a cikin birni a farkon 2025. Ɓarawo a hukunta shi, da mai sayen kayan sata, ba ni da ja a kan haka. Amma yaron da ya baro ƙauyensu yana tura kura cikin rana yana tsince ƙarfe da roba daga ƙazantar da mu muka zubar, yana ciyar da kansa ba tare da roƙo ba, yana kuma ciyar da masana'antun narka ƙarfe, ya cancanci a yi masa rajista a ba shi shaida da safar hannu, a kuma amsa sallamarsa. Yana da wuya in gane yadda za mu yi alfahari da cewa wani mazaunin ƙasarmu ya ci lambar zinariya da marafan kwalba, sa'an nan mu kori mai tsinto marafan daga ƙofar gida da zagi.

Ina kuma roƙon malaman makarantun firamare su dubi darasin aikin hannu, wanda a wurare da yawa ya koma a ce wa yaro ya kawo tsintsiyar da aka saya a kasuwa, ko ma kuɗinta, a ba shi maki. A bar yaro ya kawo gwangwani da waya da tsumma, a gayyato maƙerin unguwa ya zauna da su sa'a guda, a nuna musu hoton aikin Anatsui su ga iyakar inda wannan hanya take kaiwa. Gidajen tarihinmu kuma, irin su Gidan Makama a Kano, da sun keɓe ɗaki guda don kayan da aka ƙera daga yasassun abubuwa tun daga zuwan gwangwani ƙasar Hausa, da sun adana wani babi na tarihinmu da yake shuɗewa ba mai rubuta shi.

Na ce yana shuɗewa ne saboda abin da na gani da idona. Kwanan baya na shiga kasuwar garinmu neman aci-bal-bal guda don in nuna wa jikokina irin hasken da muka yi karatun allo da shi, na bi rumfunan maƙeran fari ɗaya bayan ɗaya ban samu ba, tocila mai caji ta kashe kasuwarta. Daga ƙarshe aka nuna mini wani dattijo a ƙuryar layi yana like bokiti, na gaishe shi na faɗi buƙatata. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, rabon da a tambaye ni wannan har na manta. In kana so ka kawo gwangwanin madara biyu, ka dawo jibi.” Na kawo, na koma jibin, na tarar ya ƙera ta ya goge ta da toka tana ƙyalli, ya kuma yi wa bakinta wani ɗan ado kamar haƙoran zarto wanda ban roƙa ba. Da na tambaye shi kuɗin adon sai ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, haka maigidansa ya koya masa, kuma a cikin 'ya'yansa babu wanda ya tsaya ya koya.